Malam Abdullahi na Gwandu: Tsakanin Waƙa da Kiɗa

A wani taron ƙara wa juna sani da ɗaliban jami'ar tarayya da ke kan hanyar Kalgo suka halarta, wani abokin aiki ya yanke hukunci cewa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo abokin gābar fasaha ne, kuma duk wata hikimar baka da ta rayu a ƙasar Gwandu ta rayu ne ba da son ransa ba. A ganina wannan hukunci ya zarce hujjarsa.

Muhawarar malaman jihadi kan kiɗa sananniya ce, manazarci Erlmann ya tattara ta tun 1986. Abokin nawa ya dogara ne kan ƙasidar da Malam ya yi wajajen 1807, lokacin da ya bar rundunar jihadi da niyyar Makka, har tafiyar ta tsaya a Kano. A ciki ya koka da mutanen da suka koma wa kaɗe-kaɗe da bushe-bushe. Haka ne. Amma a dubi abin da ya jera kiɗan da shi: neman muƙami, tara ƙwaraƙwarai, ado da tufafi, da dawakin da ake sukuwa da su cikin gari ba fagen fama ba. Mai yiwuwa abin da kunnensa ya jiyo cikin gangar nan shi ne sarautar Gobir tana dawowa da sabon rawani. Kukan nan ma a ƙasida ya zuba shi, mai awo da amsa-amo.

Abokin nawa zai ce, kuma ya faɗa, wannan wasa da kalma ne, tunda fatawar Malam kan kayan kiɗa ba ta da lauje cikin naɗi, har ta fi ta yayansa Shehu tsauri bayan Shehun ya sassauta a littafinsa Najmul Ikhwan. Nan dole in ja da baya. Ba ni da hujjar cewa Malam zai yi maraba da makaɗin fada, ko mai kotso ko mai taushi, kuma wanda ya ce haka ya ɗora masa abin da bai faɗa ba.

Abin da nake iya karewa ya fi wannan ƙanƙanta. Malam ya ɗauki tsara baiti a matsayin sana'a mai ƙa'ida, wadda ake koyo a kuma koyar. Ya rubuta littafi sukutum kan aruli da ƙafiya. Ya yi wa ƙasidar Shehu ta begen Annabi tahamisi, aikin da ba ya yiwuwa sai mutum ya shiga cikin numfashin wani mawaƙi ya zauna daram. Da wani malami, Mustafa Goni, ya soki halartar mata wurin wa'azin Shehu, da waƙa ya soka, Malam kuwa da waƙa ya mayar masa. A 1813 ya koma kan waƙoƙinsa ya tattara wasu daga cikinsu a littafin Tazyinul Waraƙat, yana bayyana dalilin kowace, daga yaƙin Tabkin Kwatto zuwa marsiyyar abokan da ya rasa. Mai ƙin fasaha ba ya yi wa baitocinsa irin wannan hidima.

Kuskuren, ina zato, daga kalmar fasaha ya taso, wadda muka saba cusa mawaƙi da makaɗi a cikinta tare. A wurin Malam mutum biyu ne, kowa da hukuncinsa, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne kansa.