Tarihin Birnin Frankfurt

Frankfurt birni ne a jihar Hessen ta ƙasar Jamus, a bakin kogin Main. Shi ne na biyar a girma a ƙasar, da mazauna sama da 750,000. A nan Babban Bankin Turai yake, da Babban Bankin Jamus, da kasuwar hannun jari mafi girma a ƙasar. Filin jirginsa ya fi kowanne a Jamus hada-hada, kuma daga can jirage ke tashi kai tsaye zuwa Abuja da Legas, shi ya sa matafiyan Najeriya da yawa sukan ce sun je Frankfurt alhali ba su wuce ɗakin jiran jirgi ba.

Mashigi ne ya haifi garin. Akwai inda ruwan Main ba shi da zurfi, mutane da dabbobi suna ƙetarewa da ƙafa, hanyoyin kudu da arewa kuma suka haɗu a wurin. Romawa sun zauna a kan tudun da babbar majami'ar garin take yanzu tun ƙarni na farko na miladiyya. Sunan ya fara bayyana a rubuce a shekarar 794, lokacin da Sarki Charlemagne ya tara manyan limaman coci a nan, ma'anarsa kuwa mashigin ƙabilar Frank.

Tun daga nan arzikin garin a hannun baƙi yake. A 1240 Sarki Frederick na Biyu ya ba da takardar cewa duk falken da ya nufo kasuwar kaka ta Frankfurt yana cikin amanar sarki, shi da kayansa. A 1330 aka ƙara kasuwa ta biyu a lokacin bazara. Fatake suka riƙa zuwa da tufafi da kayan yaji da ruwan inabi, daga baya har da littattafai, domin Mainz, garin da Gutenberg ya ƙirƙiro injin ɗab'insa, maƙwabciya ce. Sai dai Jamus a wancan zamani ba ƙasa ɗaya ba ce, tarin masarautu ne, kowacce da irin sulallanta, ga kuma kuɗin Italiya da Holan. Cuta ta yi yawa wajen canji. A 1585 manyan 'yan kasuwa suka zauna suka tsayar da farashi ɗaya ga kowane irin kuɗi, kuma daga wannan zama ake ƙirga shekarun kasuwar hannun jarin Frankfurt. Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin 'yan canjin Wapa a Kano zai gane irin cacar bakin da ta sa suka zauna.

Sarauta ma ta kawo nata cinikin. Dokar daular da ta haɗa masarautun nan ta 1356 ta tabbatar da Frankfurt a matsayin wurin zaɓen sarki, kuma daga 1562 zuwa 1792 a babbar majami'ar garin, wato ta Bartholomew, ake naɗa shi. Bayan naɗi akan yi walima a gidan Römer, wanda majalisar gari ta saya a 1405, a dandalin ƙofarsa kuma a gasa sa guda a bar wa talakawa su yi wawa. Har yau Römer ne gidan majalisar birnin.

Babin da ya fi nauyi shi ne na Yahudawan garin. A 1462 aka tilasta musu komawa wani lungu mai ƙunci da ake kira Judengasse, mai ƙofofi da ake kullewa da dare da ranar Lahadi da ranakun bukukuwan Kirista. Lungun bai faɗaɗa yadda jama'arsa suka ƙaru ba, har mutum wajen 3,000 suka cunkushe a ciki. An hana su sana'o'i da dama, aka bar musu canji da ba da rance da ƙananan cinikayya. A wannan lungu aka haifi Mayer Amschel Rothschild a 1744. Ya fara da sayar da tsofaffin sulalla, ya zama mai kula da dukiyar sarkin Hessen-Kassel, 'ya'yansa biyar kuma suka kafa bankuna a Frankfurt da Landan da Paris da Vienna da Naples. Ruwan igwa na sojojin Faransa a 1796 ne ya ƙone wani sashe na lungun, ya kuma buɗe wa mutanensa hanyar fita. A 1987 masu haƙa harsashin wani ofishi suka ci karo da tushen gidajen, aka yi ta jayayya, daga bisani aka mai da kaɗan daga cikinsu gidan tarihi.

A 1848 majalisar farko da al'ummar Jamus suka zaɓa ta zauna a majami'ar Paulskirche, ta rubuta tsarin mulki, amma sarkin Prussia ya ƙi karɓar kambin da ta miƙa masa, abin ya watse. A 1866 Prussia ta haɗiye birnin, 'yancinsa na ɗaruruwan shekaru ya ƙare, harkar banki ta karkata zuwa Berlin.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya rusa birnin, shi ne kuma ya dawo masa da kuɗin. A watan Maris na 1944 jiragen ƙawance suka ƙone tsohon gari, wanda yawancin gidajensa na katako ne. Bayan yaƙi Berlin ta rabu, Amurkawa suka kafa hedkwatarsu a Frankfurt, a 1948 kuma aka buɗe bankin da ya fitar da kuɗin Deutsche Mark, wanda ya zama Bundesbank, wato Babban Bankin Jamus, a 1957. Birnin ya nemi zama babban birnin Jamus ta Yamma a 1949, Bonn ta kayar da shi. Wannan kaye ya zame masa alheri, domin 'yan siyasa sun tafi, bankuna sun zauna. A 1998 aka kafa Babban Bankin Turai a nan. Ginin da ya koma a 2014 ya haɗe da tsohuwar kasuwar sarin kayan gwari, wadda daga ɗakunanta na ƙarƙashin ƙasa 'yan Nazi suka kwashe Yahudawa kusan 10,000 tsakanin 1941 da 1945. Akwai wurin tunawa da su a harabar.

Mai yawon buɗe ido ya kamata ya san cewa yawancin abin da yake ɗauka hoto a matsayin tsohon gari sabo ne. Jerin gidajen katakon da ke fuskantar Römer a farkon shekarun 1980 aka gina su. Unguwar da ke tsakanin Römer da babbar majami'a a 2018 aka buɗe ta: gidaje 35, 15 daga ciki kwaikwayon waɗanda suka ƙone. Gidan da aka haifi marubuci Goethe a 1749 ma sake gina shi aka yi bayan yaƙi. Masu suka sun ce wannan ado ne kawai don baƙi, kuma da gaskiyarsu, ko da yake aikin ya yi kyau. Dogayen benayen sun fi faɗin gaskiyar garin. Na Commerzbank, mai tsawon mita 259, an gama shi a 1997, amma Main Tower mai mita 200 ne ake barin jama'a su hau ƙololuwarsa. Daga can ana hango gadar ƙarfe ta Eiserner Steg, da jerin gidajen tarihi na bakin kogi, ciki har da Städel, wanda wasiyyar wani mai banki ta kafa a 1815. Unguwar tashar jirgin ƙasa kuwa ta haɗa masallatai da shagunan naman halal na titin Münchener da masu shaye-shaye a fili, duk a 'yan taku kaɗan daga bankuna.

Alaƙar birnin da Najeriya ta wuce filin jirgi. A lokacin baje kolin littattafai na watan Oktoba, wanda aka farfaɗo da shi a 1949, ake ba da lambar zaman lafiya ta masu harkar littafi na Jamus a Paulskirche, kuma Chinua Achebe ya karɓe ta a 2002. Jami'ar Goethe ta daɗe tana koyar da Hausa da nazarin harsunan dangin Cadi. Masananta da takwarorinsu na Jami'ar Maiduguri ne suka tono kwale-kwalen Dufuna a jihar Yobe a 1994, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, gwaji kuma ya nuna ya kai shekara 8,000.