Fada-fadan da ba su ɗauki alwashi ba

Sabon Birni da Isa ƙasar Musulmi ce tun kaka da kakanni, amma a lissafin Cocin Katolika suna ƙarƙashin Dayosis na Sakkwato, wanda aka yanko daga yankin Kaduna a 1953. Waɗanda suka riƙe Kaduna a lokacin su ne fada-fadan ƙungiyar mishan ta SMA, mutanen da suke ci tare, suke kwana gida ɗaya, amma ba su ɗauki alwashin nan uku na talauci da tsarkin jiki da biyayya ba. Rantsuwar zama cikin ƙungiya kawai suke yi.

Wannan tsari daga buƙata ya fito. A 1566 Paparoma Pius na Biyar ya tsananta dokar kulle a kan matan da suka ɗauki alwashi, ba fita ba shiga. Da Vincent de Paul da Louise de Marillac suka tara 'yan mata a Faransa a 1633 don jinyar talakawa, sai suka ƙi a kira su da sunan masu zaman kulle, domin mara lafiya yana cikin unguwa ne. Kafin nan Philip Neri ya riga ya tara fada-fada a Rum ba tare da alwashi ba. Dokar Coci ta 1917 ta ba irin waɗannan ƙungiyoyi matsayinsu, ta 1983 kuma ta sake musu suna. A wannan turba Marion Brésillac ya kafa SMA a Lyon a 1856.

Wani zai ce wanda bai ɗaure kansa ba, da wuya ta taso zai tsere. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Brésillac da abokan tafiyarsa zazzaɓin shawara ya kashe su a Freetown a 1859, makonni kaɗan da saukarsa, amma magadansa suka ci gaba har Lokoja a 1884, da Shendam a 1907.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne cewa fada-fadan ƙungiyar Dominika na Amurka, masu alwashi, su ne suka karɓi Sakkwato, har Edward Lawton ya zama bishop na farko a 1964. Gaskiya ne, alwashi bai hana su aiki ba. Sai dai manufar SMA tun farko ita ce ta share fage, ta horar da 'yan ƙasa, ta miƙa ragama ta ƙara gaba. A 1977 Kadinal Dominic Ekandem ya kafa ƙungiyar MSP a kan wannan tsari, kuma yau fada-fadanta 'yan Najeriya suna aiki har Turai da Amurka.