Ƙofar Tarago: Daga Busan Zuwa Mai Wurno

Wurin da ya fi tsaya mini a rai cikin fim ɗin Train to Busan babu cizo a cikinsa. Wasu 'yan tsirarun fasinjoji ne suka ratso taragai cike da gawarwaki masu farautar mutane, sun nannaɗe hannuwansu da tef don kada haƙori ya kama fata, tare da su akwai mace mai tsohon ciki da ƙaramar yarinya. Da ƙyar da jiɓin goshi suka iso ƙofar taragon da lafiyayyu suke. Sai na ciki suka ɗaure ƙofar da tufafinsu, suka danne ta da ƙarfi. Wani babban ma'aikacin kamfanin motoci mai suna Yon-suk, sanye da kwat, shi ya zuga su, wai wa ya sani ko waɗannan ma sun kamu? Ta cikin gilashi ana ganin juna. Na waje suna bugawa, na ciki sun sunkuyar da kai.

Yeon Sang-ho ne ya ba da umarnin fim ɗin. An fara nuna shi a bikin finafinai na Kan da ke Faransa a watan Mayun 2016, ya shiga silima a Koriya ta Kudu a watan Yuli, kuma mutum sama da miliyan 11 suka sayi tikitinsa a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan 51 da 'yan kai ba. Labarin ba shi da tsawo. Seok-woo, wanda Gong Yoo ya fito a matsayinsa, ɗan hada-hadar hannun jari ne da aiki ya raba da iyalinsa. 'Yarsa Su-an ta nace sai ya kai ta wurin uwarta a Busan ranar zagayowar haihuwarta. Suka hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya, KTX, daga Sewul, tafiyar da ba ta kai awa uku ba. Ana dab da rufe ƙofa wata budurwa da aka ciza ta faɗo ciki. Shi ke nan.

Waɗannan halittu da ake kira zombi ba su da kama da fatalwar da muka sani. Fatalwa tana da wanda take bi da dalilin binsa. Su kuwa annoba ce mai ƙafafu: wanda aka ciza ya zama mai cizo cikin daƙiƙoƙi. Ba sa gani cikin duhu, ba su iya buɗe ƙofa ba, shi ya sa manna jiƙaƙƙiyar jarida a gilashi kan isa ta ɓatar da su. Ke nan duk wata ƙofa da aka rufe ko aka buɗe a fim ɗin, hannun mai rai ne ya yi. Shi kansa Seok-woo da farko ya rufe wa mai cikin da mijinta ƙofa a fuska, sannan ya ja 'yarsa gefe yana koya mata cewa a irin wannan rana iya ruwa fid da kai.

Mutanen Koriya sun san abin da suke kallo. Da yaƙin Koriya ya ɓarke ranar 25 ga Yunin 1950, Sewul ta faɗi cikin kwana uku, kuma sojojin gwamnati da kansu suka tarwatsa gadar kogin Han alhali masu gudu suna kanta. Duk wanda ya tsira kudu ya nufa, Busan, wadda ta zama fadar gwamnati ta wucin gadi kuma matattarar 'yan gudun hijira. Sannan shekara biyu kacal kafin fim ɗin, a Afrilun 2014, jirgin ruwan Sewol ya nutse da mutum 304, yawancinsu 'yan makaranta da aka ce su zauna inda suke, matuƙin kuwa ya fice.

Ni dai da na gama kallo, Sinnar ta ƙasar Sudan ce ta faɗo mini, da ƙauyukan 'yan'uwanmu da ke jere a gaɓar Shuɗin Nilu. Ban san wasu masu magana da Hausa da tarihinsu ya ginu a kan hanya da ƙofa kamar nasu ba.

Sakkwato ta faɗa hannun Turawa ranar 15 ga Maris 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yi gabas, jama'a suka yi ta barin gonaki da garuruwa suna bin sa. A Burmi, cikin ƙasar Gombe ta yau, aka cim musu ranar 27 ga Yuli, ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar, Fulani da Hausawa, suka ci gaba da tafiya a ƙasa. Wajen 1906 suka sauka a Shaikh Ɗalha a bakin Shuɗin Nilu, daga baya suka tsallake ruwa suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, kudu da Sinnar. Abin mamaki, Turawan da suka gudar wa tun daga Sakkwato su suka tarar suna mulkin Sudan, kuma a hannunsu aka nemi izinin zama.

Ba su ne farkon masu bin hanyar ba. Alhazan ƙasa sun daɗe suna ratsa Barno da Wadai da Darfur, a yi noman damina a nan, a yi dako ko yankan farce a can, a tara guzuri a ƙara gaba. Tafiyar kan ci shekaru. Abin da ya sauya ta shi ne dogo. Layi ya taso daga Khartum ya bi ta Wad Madani da Sinnar, ya haye Farin Nilu a Kosti, ya kai Al-Ubayyid a 1912. Daga nan duk alhajin da ya iso Al-Ubayyid da kuɗin tikiti ya huta da tafiyar ƙasa har bakin Bahar Maliya. A 1929 aka gama wani layin daga Sinnar ta Gadarif da Kasala. Sai dai ƙarshen layin shinge ne. A Sawakin, a bakin tekun, hukuma ta ajiye sansanin killace alhazai, a yi musu lamba, a duba takardu, a tsare su kwanaki saboda tsoron agana da kwalara. Wanda ba shi da takarda ko kuɗi sai ya bi masu kwalekwale da dare, wasu su kai, wasu teku ta ci. Baƙon da ake zargi yana ɗauke da cuta, kakanninmu sun zama shi tun kafin a san silima a ƙasar Hausa.

Da yawa ba su kai Sawakin ɗin ba ma. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gandun audugar Jazira, ɗaya daga cikin manyan gonakin ban ruwa na duniya. Auduga tana son hannu, musamman lokacin tsinka, su kuma alhazai suna son guzuri. Aka zauna a gefen magudanan ruwa, a sansanonin leburori da ake kira kambo da ƙananan ƙauyuka, da niyyar shekara ɗaya ko biyu. Masanin al'umma C. Bawa Yamba, wanda ya zauna cikinsu ya fitar da littafinsa Permanent Pilgrims a 1995, ya tarar da jikoki da tattaɓa kunne da aka haifa a Jazira, ba su taɓa ganin Kano ba, ba su kai Makka ba, amma in ka tambaye su sai su ce su matafiya ne, suna kan hanya. Akwai imani mai ƙarfi cikin wannan amsa, ba na musu. Amma ina zargin akwai kuma sanin cewa masu gida ba su taɓa ce musu sun iso ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, da wadda ta gaje ta a 1957, ta nemi mutum ya nuna kakanninsa suna Sudan tun kafin 1898. Mutanen Mai Wurno sun makara da shekara takwas. Sunan Fallata da Takarir, da ake haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare a ciki, a bakin wasu ya zama gori.

An sassauta dokar daga baya, amma maganar ƙasa ba ta mutu ba. A 2022 Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su masarautarsu cikin tsarin sarautun gargajiya. Wasu shugabannin ƙabilun yankin suka ce sarauta sai mai ƙasa, Bahaushe kuwa baƙo ne. A watan Yuli rikici ya tashi a Rusairis da kewaye, aka kashe sama da mutum 100, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Khartum da wasu birane. A Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi, cikin kwana biyu wajen mutum 200 suka mutu. Dubbai suka yi arewa, suka cika makarantu a Damazin da Sinnar da Farin Nilu.

An gudu ba a tsira ba. Yaƙi tsakanin sojan Sudan da mayaƙan rundunar RSF ya ɓarke a Afrilun 2023, mutanen Khartum suka kwarara Wad Madani, aka ce nan ne tudun mun tsira. A fim ɗin ma akwai irin wannan tasha, Daejeon, inda aka ce sojoji sun tsare gari, fasinjoji suka sauka da murna, suka tarar sojojin ne suka fara kamuwa. A Disambar 2023 Wad Madani ta faɗi cikin 'yan kwanaki, ɗaruruwan dubbai suka sake ɗaukar kaya zuwa Sinnar da Gadarif. A ƙarshen Yunin 2024 garin Sinja ya bi, Mai Wurno kuwa tana kan hanyar da ta haɗa Sinja da Sinnar. Kwalara ta biyo baya a watan Agusta. Soja ya karɓe Sinja a Nuwamba, ya karɓe Wad Madani ranar 11 ga Janairun 2025, amma a shingayen bincike an riga an saba da abin da jama'a suka laƙaba wa dokar baƙuwar fuska: a dubi kamanninka, a saurari lafazinka, a yanke ko kai na wane ɓangare ne.

A fim ɗin, mutum biyu kaɗai suka kai Busan, mai cikin da yarinyar. Jirgi ya tsaya a bakin wani dogon rami, suka shiga a ƙasa cikin duhu. A ɗaya bakin sojoji ne a bayan buhunan yashi, suna hango inuwa biyu suna tangaɗi, ba a iya gane ko masu rai ne. Aka ba da umarnin harbi, soja ya ɗora yatsa a kunama. Sai yarinyar ta kama rera waƙar da ta koya a makaranta don ubanta, tana yi tana kuka, muryar tana amsawa cikin ramin. Sojan ya ɗago kai daga bindiga.