Daga SoftRAM zuwa "Game Booster": tsohon zance ne

Jiya na tarar da ƙanina zai biya kuɗi ya sayi wata manhaja, wai za ta hana wasansa sandarewa. Na ce masa tsaya, wannan zancen ya girme ka.

A zamanin MS-DOS, wasanni na kokawa da ƙa'idar 640KB ta ƙwaƙwalwar kwamfuta. Shi ya sa Microsoft ya sa MemMaker cikin DOS 6 a 1993, kuma ya yi aiki, domin yana kwashe wasu shirye-shirye ya bai wa wasa fili.

Sai 1995 wani kamfanin Amurka, Syncronys, ya fito da SoftRAM, wai yana ninka RAM biyu. Jama'a suka yi ta saye. Da mujallar c't ta Jamus ta gwada shi, ta gano ba ya ninka komai. A 1996 hukumar FTC ta tuhumi kamfanin da yaudara.

Yau Windows na da Game Mode kyauta tun 2017. Manhaja na iya rufe abubuwan da ke cin ƙarfin na'ura a ɓoye, amma ba ta ƙara RAM ɗin da babu. Kafin ku biya, 'yan uwa, ku tambaya: me take yi takamaimai? Ƙanina dai ya riƙe kuɗinsa.