Cape of Good Hope

Cape of Good Hope wani tsauni ne mai duwatsu da ya kutsa cikin Tekun Atilantika a kudu maso yammacin Afirka ta Kudu, kimanin kilomita 50 kudu da birnin Cape Town. Yana cikin gandun dajin ƙasa na Table Mountain. Mutane da yawa suna ɗauka nan ne ƙarshen nahiyar Afirka daga kudu, alhali Cape Agulhas ne, mai tazarar kusan kilomita 150 daga gabas.

Makiyayan Khoikhoi sun daɗe a yankin kafin zuwan Turawa. A 1488 matuƙin jirgin ruwan Fotugal, Bartolomeu Dias, ya zagaye wurin, Vasco da Gama kuma ya bi ta nan a Nuwamba 1497 a hanyarsa ta zuwa Indiya.

Gajerun tsirrai da ake kira fynbos ne suka lulluɓe tuddan, fiye da iri 1,000. Akwai birai, jiminu, jakunan dawa, bareyi da tsuntsaye sama da iri 250. Hazo yakan rufe tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ke Cape Point, wani tsauni da ke kusa da wurin, shi ya sa aka gina sabuwa ƙasa da ita bayan nutsewar jirgin Lusitania na Fotugal a 1911.