Korona a cikin ganuwa: Yadda cutar ke shiga gida da hanyoyin kare tsofaffi da masu jinya

An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 a Legas, a Kano kuma ranar 11 ga Afrilu. Kafin watan ya ƙare, masu haƙa kabari a maƙabartun birni, irin su Dandolo da ke Goron Dutse, sun fara cewa ba su taɓa ganin yawan gawa kamar haka ba. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya rufe jihar daga 16 ga Afrilu, sannan Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara mako biyu a jawabinsa na ranar 27 ga watan.

A watan Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamata: mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen na iya kasancewa da alaƙa da korona. Mafi yawansu dattawa ne, da dama kuma a gida suka cika. Daga nan ake gane inda haɗarin yake: cikin gida, a ɗakin tsoho.

Yadda take yaɗuwa

Ƙwayar cutar tana fita ne da numfashi, tari, atishawa da magana, tana kuma iya daɗewa a iskar ɗakin da yake a rufe. Alamunta kan bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 14 bayan kamuwa, galibi wajen kwana biyar. Abin da ya fi wahalar da jama'a shi ne mutum na iya yaɗa ta tun bai ji komai ba, wani ma har ya warke bai san ya yi ta ba.

Wanda ya shiga birni ta Ƙofar Ɗan Agundi ya san irin zaman da ake yi a unguwannin ciki: lunguna matsattsu, gidan gado mai sassa da yawa, kaka da jikoki a tsakar gida ɗaya, ɗakuna masu ƙaramar taga ko marasa ita. Magidanci ya wuni a Kantin Kwari ko Kurmi, ko a ofis a Sakatariyar Audu Baƙo, ya dawo a adaidaita sahu kafaɗa da kafaɗa da baƙi, kuma abu na farko da tarbiyya ta koya masa shi ne ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya durƙusa ya gaishe ta. Tsohuwar ba ta je ko'ina ba, amma kasuwa ta zo ta same ta.

Waɗanda suka fi shiga haɗari

Su ne waɗanda suka haura shekara 60, da masu ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya, ciwon ƙoda ko na huhu, da masu ƙiba sosai, da masu juna biyu. Yara da matasa galibi sukan yi ta da sauƙi, sai dai su ne kan kai ta ga manya.

Matakan kariya

Ba wanda zai ce a daina gaida iyaye. Wurin gaisuwar ne ya kamata a sauya. A fito da tabarma tsakar gida ko inuwar bishiya, domin iskar fili tana tarwatsa ƙwayar cutar fiye da duk abin da za a fesa a ɗaki. In dole sai an shiga, a buɗe ƙofa da taga, a ɗaga labule, a taƙaita zama. Haka zaman makoki da na suna: ƙofar gida ta fi zaure, zaure kuma ya fi ƙuryar ɗaki.

Wanda ya dawo daga waje ya wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin ya taɓa kowa. Takunkumi yana aiki ne idan ya rufe hanci da baki. Wanda aka rataya a haɓa ado ne kawai. A ware wa tsoho kofinsa, cokalinsa da butarsa. Mai tari ko zazzaɓi ya koma ɗaki shi kaɗai inda hali ya yi, mutum ɗaya mai ƙoshin lafiya ya riƙa kula da shi.

Akwai kuskure biyu da suka yi ta'adi a 2020. Na farko, ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin maleriya, a sayo magani a kemis a ci gaba da cuɗanya. Na biyu, barin maganin suga ko na hawan jini ya yanke saboda tsoron zuwa asibiti. A tanadi na aƙalla wata guda a gida.

Idan numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji ya riƙe, ko tsoho ya rikice ba ya gane mutane, ba a jiran gari ya waye. A nufi asibiti, ko a kira Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, a layinta na kyauta, 6232.

Rigakafi

Kashin farko na allurar AstraZeneca, kusan miliyan huɗu, ya iso Abuja ranar 2 ga Maris 2021 ƙarƙashin shirin COVAX. Allurar rigakafin korona ba ta hana kamuwa ɗungurungum, amma tana rage tsananin ciwo da mutuwa ƙwarai, kuma tsofaffi da masu daɗaɗɗen ciwo ne suka fi cin moriyarta. Ciwon dantse ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu bayan an yi ta abu ne da aka saba gani. Mai wata lalura ya shaida wa ma'aikacin lafiya magungunan da yake sha kafin a yi masa.