Oke Idanre: Waiwaye a Kan Wani Tsohon Gari Bisa Dutse

Aikin koyarwa ne ya kawo ni ƙasar Yarbawa, shi ne kuma ya ba ni damar ziyartar Oke Idanre a Jihar Ondo, kudu da Akure. Kalmar "oke" a Yarbanci tana nufin tudu ko dutse. Mai son ganin garin sai ya taka matakala fiye da 600, da wuraren hutawa biyar a hanya. Ban tsallake ko ɗaya ba.

Tarihin baka ya nuna cewa Olofin ne ya jagoranci kakannin mutanen daga Ile-Ife, kuma sun shafe kimanin shekaru 800 a bisa dutsen. Dalilin zaɓen wurin ba ɓoyayye ba ne, wato tsaro. Mutum kaɗan sun isa su tare mashigar. Bahaushe zai tuna da Dala da Kufena da Kwatarkwashi, inda dutse ya zama mafaka kuma wurin bauta. Sai dai Kano ta bunƙasa a gindin Dala har ganuwa ta kewaye shi, su kuwa mutanen Idanre a ƙololuwa suka kafa fada da kasuwa.

Da yaƙe-yaƙe suka lafa a zamanin Turawa, ga noman koko da ke bukatar hanyar mota, sai abin da ya kare su ya zama mai takura musu. A tsakanin shekarun 1920 da 1930 suka riƙa saukowa zuwa Alade da Odode. A sama an bar fadar Owa da ginshiƙanta na sassaƙa, da tsohuwar kotu, da makarantar firamare da ake dangantawa da 1896. A 2007 aka sa wurin cikin jerin wucin gadi na UNESCO.

Na yi ta neman kalmar da ta dace da shi. Ba zan kira shi kufai kai tsaye ba, domin jama'a suna hawa duk shekara don bikin Orosun, kuma ba a bar kula da fadar ba. Abin da ya fi damuna a matsayina na manazarcin harshe shi ne sunayen unguwanni da duwatsu da rafuka. Hukuma tana iya gyara bango da jinka, amma sunayen suna bakin tsofaffin da iyayensu suka girma a can. Matashin da ya yi mini jagora ya kawo sunayen daidai, amma da na nemi ma'anar wasu, sai ya ce in sauka Odode in tambayi kakarsa.